Kwana 87 a Tekun Meksiko: yadda manyan kwamfutoci suka bi sawun man rijiyar Macondo

Wajen ƙarfe goma saura na daren 20 ga Afrilu, 2010, iskar gas ta taso daga rijiyar Macondo, ta biyo bututu ta fito a kan dandamalin haƙar mai na Deepwater Horizon, ta kama da wuta. Mutum 126 ne a kan dandamalin a wannan dare, 11 daga cikinsu suka rasa rayukansu. Bayan kwana biyu dandamalin ya nutse, bututun da ya haɗa shi da bakin rijiyar ya tanƙware ya kwanta a ƙasan teku, a zurfin kusan mita 1,500, kimanin kilomita 66 daga gaɓar jihar Luwiziyana ta Amurka. Kamfanin Transocean ne mai dandamalin, BP ne ya ɗauke shi haya yake haƙa rijiyar. Daga nan ɗanyen mai ya yi ta ɓulɓulowa, ba a samu an toshe shi ba sai ranar 15 ga Yuli, bayan kwana 87.

A cikin waɗannan kwanaki, duk wayewar gari tambaya ɗaya ce ke jiran jami'an da ke cibiyoyin ba da umarni a garin Houma na Luwiziyana da Mobile na Alabama: ina man nan zai kai gobe da jibi? Shingen roba da ake shimfiɗawa a kan ruwa don tare mai ba zai isa a kewaye gaɓar jihohi biyar ba. Jiragen ruwa masu kwasar mai su ma ƙidayayyu ne, kuma jirgin da aka tura gabas ba zai dawo yamma cikin sa'a guda ba. Wanda ya san inda man zai bi kafin ya isa, ya ci rabin yaƙin. Shi ya sa aka koma ga masu kwaikwayon teku a kwamfuta. Rukuni uku daga cikinsu ne wannan nazari zai bi, domin kowannensu tambayar da ya yi wa injinsa daban ce, kuma amsoshin da suka samu ba su yi wa jama'a amfani iri ɗaya ba.

Me ake lissafawa?

Mai ba ya tafiya da ƙafarsa. Ruwan da ke ƙarƙashinsa ke ɗaukarsa, iskar da ke samansa ke tura shi. Masu wannan sana'a suna da ƙa'idar da suka daɗe suna aiki da ita: man da ke saman ruwa yana tafiya da kusan kashi 3 cikin ɗari na gudun iska, a haɗa da gudun ruwan da yake kai. Iska mai gudun mita 10 a sakan za ta tura shi santimita 30 a sakan, wato kilomita 26 a yini da kwana. Idan kuma ya faɗa magudanar ruwa mai gudun mita ɗaya a sakan, kafin gobe war haka ya yi kilomita 86.

A cikin kwamfuta, ana maye gurbin man da ɗigo dubbai ko miliyoyi, kowane ɗigo yana wakiltar wani adadi na mai. A duba inda ɗigo yake, a tambayi gudun ruwa da iska a wannan wuri a wannan lokaci, a matsar da shi, a ƙara masa ɗan kaucewa ta ba-zata domin ruwa ba ya tafiya a miƙe, sannan a sake. Wannan ɓangaren ba shi da nauyi, kwamfutar tebur ma za ta iya. Abin da ke cin ƙarfin inji shi ne tekun kansa. Kafin a ce ga gudun ruwa a wuri kaza ranar Alhamis da la'asar, sai an lissafa cikowa da janyewar teku, da ruwan da kogin Misisifi ke zubowa, da tasirin iska, da juyawar duniya, da bambancin ɗumi da gishiri, a kowane lungu na mashigin tekun da faɗinsa ya haura murabba'in kilomita miliyan ɗaya da rabi.

Austin: raga mai mahaɗi miliyan 5

A Jami'ar Teksas da ke Austin akwai Farfesa Clint Dawson, wanda ya shafe shekaru yana aiki tare da Rick Luettich na Jami'ar North Carolina da Joannes Westerink na Jami'ar Notre Dame a kan wata manhaja mai suna ADCIRC. Don guguwa aka gina ta. Aikinta shi ne ta faɗi yadda ruwan teku zai hau tudu idan mahaukaciyar guguwa ta doso gari, kuma bayan abin da guguwar Katrina ta yi wa birnin New Orleans a 2005 an zuba ƙoƙari mai yawa wajen zana gaɓar Luwiziyana a cikinta dalla-dalla. Da man ya fara malala, sai ga shi su ne ke riƙe da mafi kyawun taswirar lissafi ta daidai wurin da ake jin tsoro. Ga kuma damina ta guguwa na ƙofa, domin a wannan yanki ranar 1 ga Yuni take farawa.

A watan Mayu, Hukumar Kimiyya ta Ƙasa ta Amurka, NSF, ta ware musu sa'o'in lissafi miliyan ɗaya na gaggawa a kan babbar kwamfutar nan Ranger, ba tare da sun bi dogon layin neman izini da aka saba ba. A lokacin Ranger tana TACC, cibiyar manyan kwamfutoci ta Jami'ar Teksas, kuma tana cikin TeraGrid, wani tsari da ya ɗinke manyan cibiyoyin kwamfuta na Amurka da layukan sadarwa masu sauri, ta yadda malami a wata jiha zai iya aika aikinsa ya gudana a injin da ke wata jihar. Idan aka ce babbar kwamfuta, mutum kan zaci wani ƙaton akwati guda. Ranger jerin akwatunan ƙarfe ne masu tsayin mutum, layi-layi a ɗaki mai sanyi, a cikinsu akwai ƙananan ƙwaƙwalen lissafi 62,976. Kowace ƙwaƙwalwa ita kaɗai ba ta fi ta kwamfutar ofis ta lokacin ba. Ƙarfin yana wajen haɗuwarsu.

Ga yadda ake haɗa su. ADCIRC tana shimfiɗa wa teku raga mai gidaje masu siffar alwatika. A tsakiyar teku, inda ruwa ke tafiya bai-ɗaya, gidan raga ɗaya kan kai kilomitoci da yawa. Ana matsowa gaɓa gidajen na ƙanƙancewa, har su dawo kamar mita 50 a cikin dausayi da ƙoramu da mashigai. Ragar da suka gina wa kudancin Luwiziyana tana da mahaɗai kusan miliyan 5, kuma a kowane mahaɗi sai an sake lissafa tsayin ruwa da gudunsa kusan duk sakan. Kwana uku sakan 259,200 ne. A ninka da miliyan 5, za a ga an sabunta mahaɗi fiye da sau tiriliyan ɗaya kafin a samu hasashe guda.

Sai a yanyanka ragar gunduwa-gunduwa, a ba kowace ƙwaƙwalwa yankinta. A gudun da suka riƙa yi a Ranger ƙwaƙwale 4,096 suke ɗauka, ke nan kowace ta samu mahaɗai dubu da ɗari biyu da wani abu. Amma ruwa bai san an raba shi ba. Abin da ya fita daga yankin wannan ƙwaƙwalwa yankin maƙwabciyarta yake shiga, don haka bayan kowane taki dole kowace ta aika wa maƙwabtanta labarin abin da ke bakin iyakarta, ta karɓi nasu, sannan a ɗaga ƙafa tare. Idan ɗaya ta yi nawa, saura 4,095 sai su tsaya jiranta. Shi ya sa rabon ragar yake da tasa gwanintar: a raba nauyi daidai, kuma a yanka ta yadda iyakoki za su gajarta, don kada lokaci ya ƙare a aike-aike. Nan ne ma iyakar abin take. Idan aka yi ta ƙara ƙwaƙwale, yankin kowace zai yi ta raguwa, har a kai inda saƙon da take aikawa ya fi lissafin da take yi, daga nan ƙari ba ya kawo sauri.

Kowane gudu yakan ɗauki kamar sa'a uku. Ƙwaƙwale 4,096 sau sa'a uku ya zama sa'o'i 12,288, wanda da ƙwaƙwalwa ɗaya aka bar wa aikin, sai ta yi kwana 512 kafin ta faɗi abin da zai faru jibi. Rijiyar kuwa kwana 87 ta yi tana zuba. Wannan lissafin shi kaɗai ya isa hujjar raba aiki. Amma a duba ta ɗaya gefen: sa'o'i miliyan ɗayan nan da suka yi kama da dukiya, gudu tamanin da ɗoriya ne kawai.

Me aka samu? A kusa da gaɓa, inda iska da cikowar teku ke mulki, ragar ta nuna abin da sauran manhajoji ba sa gani, wato ta wace kafa mai zai kutsa tsakanin tsibirai ya shiga wuri irin mashigin Barataria. Sun kuma yi wani gwaji da a ganina shi ne ya fi dacewa da injin nasu: suka ɗauki man kamar yadda yake a kan ruwa, suka sakar masa iskar guguwowin da suka riga suka faru, don a ga ina zai nufa idan irinsu ta dawo. Allah ya taƙaita, guguwar Alex ta bi ta kudu ta sauka a Meksiko a ƙarshen Yuni, Bonnie kuma ta mutu kafin ta yi ɓarna a Yuli. Duk da haka raƙuman ruwan da Alex ta tayar daga nesa sun dakatar da aikin kwasar mai na kwanaki.

Raunin ADCIRC daga asalinta yake. A yadda aka saba gudanar da ita don guguwa, tana ɗaukar ruwa daga sama har ƙasa a matsayin abu guda mai gudu ɗaya. A wuri mara zurfi wannan ba laifi. A can cikin teku kuwa, inda ruwan sama ke iya nufar gabas na ƙasa ya nufi yamma, kuma bambancin ɗumi da gishiri ke juya manyan magudanai, sai ta zama mai kaifin ido a bakin gaɓa amma mai dundumi a wurin da rijiyar take. Gida mai mita 50 ba ya gyara kuskuren da aka ɗauko tun daga kilomita 60.

Seattle: taswirar kowace rana

Hasashen da jami'an Houma da Mobile suke aiki da shi a hukumance daga NOAA, hukumar kula da teku da yanayi ta Amurka, yake fitowa, daga ofishinta na ɗaukin gaggawa da ke Seattle, can ƙuryar arewa maso yammacin ƙasar. Manhajarsu, GNOME, ƙarama ce, tana gudana a kwamfutar tafi-da-gidanka. Ba ta lissafa teku da kanta. Karɓar gudun ruwa take daga manyan manhajojin wasu: na rundunar sojan ruwan Amurka, da na NOAA kanta, da na Jami'ar South Florida, da na Jami'ar Texas A&M, da wasunsu, kowanne yana gudana a injin mai shi a wani gari daban, yana turo sakamakonsa ta intanet. Idan ana maganar rarraba lissafi a wannan lamari, wannan ma shi ne, kuma ina ganin shi ya fi yin aiki: injuna da yawa da ba su san juna ba, da mutane kaɗan a tsakiya suna auna wanne za a fi yarda da shi yau.

Abin da ya bambanta su shi ne ba sa barin kwamfuta ta yi nisa ita kaɗai. Kullum masu sa ido suna hawa jirage masu saukar ungulu da ƙananan jirage su kewaya, suna zana inda suka ga mai da kamanninsa: ga inda ya yi siriri yana ƙyalli kamar azurfa, ga inda ya yi launin bakan gizo, ga inda ya cakuɗu da ruwa ya yi kauri ya zama ja-ja yana jan layi. Taurarin ɗan'adam masu rada suna ƙara nasu hoton, domin mai yana kwantar da ƙananan raƙuman ruwa, sai wurin ya fito baƙi. (Matsalar ita ce wurin da iska ta kwanta shi ma baƙi yake fitowa, ciyawar teku kuma daga sama tana iya kama da mai, don haka sai an sa ido na mutum.) Da wannan ake share ɗigon jiya, a sake jera su a inda aka ga man yau, sannan a tura su gaba sa'a 24, 48 da 72.

Taswirar da ke fitowa tana da shuɗi mai duhu inda man ya yi yawa, mai haske inda ya yi kaɗan, da jajayen alamomi a bakin gaɓar da ake zaton zai taɓa. Sai wani baƙin layi da ya kewaye duka, ya bar fili mai faɗi tsakaninsa da shuɗin. Wannan layin ke cewa: idan iska ta saɓa wa hasashe, ko manhajar ruwan da muka dogara da ita ta yi kuskure, man zai iya kaiwa nan. Ba shi da ban sha'awa a talabijin, amma shi ne abu mafi gaskiya a cikin duk takardar. Irin waɗannan taswirori aka riƙa dubawa wajen rufe wuraren kamun kifi, wanda a ranar 2 ga Yuni ya kai kusan kashi 37 cikin ɗari na ruwan gwamnatin tarayya a mashigin.

Bidiyon rini

Washegarin wannan rana, 3 ga Yuni, cibiyar binciken yanayi ta NCAR da ke Colorado ta fitar da wani ɗan gajeren bidiyo da ya zagaya duniya. Synte Peacock ta NCAR da Mathew Maltrud na ɗakin bincike na Los Alamos sun yi amfani da manhajar POP, wadda ke kwaikwayon tekunan duniya gaba ɗaya da gidajen raga na kusan kilomita 10, a kan manyan kwamfutoci a New Mexico da Oak Ridge. Suka zuba rini na lissafi a daidai wurin rijiyar, suka bar shi ya bi ruwa na tsawon watanni. A bidiyon, launin yana taruwa a arewacin mashigin, sai magudanar Loop ta fizge shi. Wannan magudana daga tsakanin Yukatan da Kuba take shigowa, ta yi gwiwa zuwa arewa, ta juyo ta fita ta ƙarƙashin Fulorida, ta zama mafarin Gulf Stream, babbar magudanar da ke bin gabashin Amurka ta shiga Atlantika. Da rinin ya shiga cikinta sai ya zarce ya kewaye Fulorida, ya haura gabashin Amurka har wajen Cape Hatteras da ke gaɓar jihar North Carolina, ya fantsama tsakiyar Atlantika.

Masu binciken sun faɗa da bakinsu cewa wannan ba hasashe ba ne. Rininsu ba ya ƙafewa, ƙananan halittu irin su bakteriya ba sa cinsa, ba ya dunƙulewa, babu mai kwashe shi ko ƙona shi. Yanayin ruwan da suka yi amfani da shi ma ba na 2010 ba ne, yanayi ne irin wanda manhajar ke samarwa a shekaru daban-daban, shi ya sa suka gudanar da ita sau da yawa. Tambayarsu ita ce ina ruwan wannan wuri ya saba zuwa. Masu kallo kuwa abin da suka gani shi ne mai a bakin tekun Miami. Kuma ba NCAR kaɗai ba: a farkon Yuli NOAA ta haɗa yanayi 500 daga bayanan iska da ruwa na shekarun baya, ta ce yiwuwar mai ya taɓa tsibiran Florida Keys da Miami da Fort Lauderdale tana tsakanin kashi 61 da 80 cikin ɗari.

Bai je ba, aƙalla ba a siffar da ido zai gani ba. Magudanar Loop tana da wata ɗabi'a: lokaci-lokaci gwiwar tata takan yi tsawo har ta tsinke, ta zama ƙaton zoben ruwa mai juyawa, faɗinsa ɗaruruwan kilomita, ya gangara yamma a hankali. Daidai ƙarshen Mayu zuwa Yuni na 2010 hakan ta fara faruwa. Zoben, da aka sa wa suna Franklin, ya ɓalle, ya sake mannewa, ya sake ɓallewa, ragowar magudanar ta koma kudu nesa da rijiyar. Hanyar da rinin ya bi a kwamfuta ta yanke a zahiri. Ranar da irin wannan zobe zai tsinke tana cikin abubuwan da suka fi wuyar hasashe a wannan teku, har bayan shekaru Cibiyoyin Kimiyya na Ƙasa na Amurka suka ware wa matsalar shiri na musamman.

Ina ganin laifin ba na lissafin ba ne, kuma ba na 'yan jarida kaɗai ba ne. Wanda ya fitar da hoto mai motsi da launi mai kama da mai, a makon da mutane ke kallon tsuntsaye jiƙe da mai a talabijin, ya kamata ya san cewa gargaɗin da ya rubuta a ƙasa ba zai bi bidiyon zuwa inda za shi ba. Taswirar NOAA ta kowace rana ta zana shakkarta a jikinta da baƙin layi. Bidiyon rini ya bar tasa a takarda daban.

Abin da aka zuba wa injin

Akwai wata matsala da ta fi duk waɗannan girma, kuma babu adadin ƙwaƙwalen da zai warware ta. Ganga nawa ke fita a rana? A kwanakin farko an ce 1,000. Ranar 28 ga Afrilu aka ce 5,000, aka zauna a kan wannan adadi kusan wata guda. Ian MacDonald na Jami'ar Florida State ya auna faɗin man a hotunan tauraron ɗan'adam ya ce abin ya ninka haka sau biyar. Da BP ya saki bidiyon bakin bututun a tsakiyar Mayu, Steve Wereley na Jami'ar Purdue ya bi motsin dunƙulen man daga hoto zuwa hoto ya ce kusan 70,000. A ƙarshen Mayu kwamitin gwamnati ya ce 12,000 zuwa 19,000, a tsakiyar Yuni ya ce 35,000 zuwa 60,000. Sai a watan Agusta aka tsaya a kan cewa an fara da kusan 62,000 a rana, aka sauko zuwa 53,000, jimilla ganga miliyan 4.9, wanda aka tare kusan 800,000 daga ciki a bakin rijiya. BP bai yarda ba, kuma a Janairun 2015 alƙalin kotun tarayya Carl Barbier ya yanke cewa miliyan 3.19 ne suka shiga teku. Duk wanda ya ɗora lissafinsa a kan 5,000 a watan Mayu, ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na man yake bi. Hanyar NOAA ta sake jera ɗigo daga abin da ido ya gani ta rage mata wannan rauni a hasashen kwana uku, amma ba ta taimaki mai son sanin abin da zai faru nan da wata biyu ba.

Sannan kusan duk manhajojin da ake da su a lokacin don hatsarin jirgin dakon mai aka gina su, inda man ke zubewa a saman ruwa. Macondo daga ƙasa take aman nata, da zafi da matsi, haɗe da gas mai yawa. Manyan ɗigon mai suna tasowa sama cikin sa'o'i, ƙanana kuwa suna iya rataya a tsakiyar ruwa na makonni. Ga kuma sinadarin tarwatsa mai na Corexit, wanda aka yi amfani da kusan lita miliyan 7, kuma kusan kashi biyu cikin biyar a bakin rijiyar aka fesa shi, abin da ba a taɓa yi a irin wannan zurfi ba. A ƙarshen Yuni, Richard Camilli na cibiyar binciken teku ta Woods Hole ya saukar da wani jirgin ƙarƙashin ruwa mara matuƙi mai suna Sentry, ya yi ta kai-komo a zurfin kusan mita 1,100, ya gano wani dogon gajimaren mai da ya haura kilomita 35 yana tafiya kudu maso yamma. Babu tauraron ɗan'adam ko jirgin sama da zai ga wannan, don haka babu shi a taswirar kowa.

Girman ɗigon nan, abin da bai kai kan allura ba, shi ke yanke ko mai zai hau sama ya nufi gaɓa ko zai tsaya a ƙasa. A 2012 Claire Paris ta Jami'ar Miami da abokan aikinta sun sake kwaikwayon lamarin daga ƙasa har sama, suka ce ƙarfin fitowar man shi kaɗai ya isa ya farfasa shi, sinadarin da aka fesa a ƙasa bai ƙara wani abin kirki ba. Wasu masu bincike, da nasu manhajojin da gwajin tanki, suka ce a'a, ya rage man da ke tasowa da tururin da ma'aikatan jiragen ke shaƙa. Duk ɓangarorin biyu suna da manyan kwamfutoci. Inda suka rabu shi ne girman ɗigon da kowa ya rubuta a layin farko.

Bayan an toshe rijiyar

Man ya taɓa gaɓa mai tsawon fiye da kilomita 2,000, mafi muni a dausayin Luwiziyana. BP ya ware dala miliyan 500 na bincike mai zaman kansa na shekara goma, kuma wani kaso mai kyau na kuɗin a kan auna teku ya tafi. A watan Yulin 2012 wata tawaga ƙarƙashin Tamay Özgökmen na Jami'ar Miami ta saki na'urori masu yawo a kan ruwa kusan 300, kowace da GPS, a kusa da inda rijiyar take. A farkon 2016 suka saki kusan 1,000. Abin da suka gani ya taɓa tushen lissafin: ƙananan juye-juyen ruwa, daga mita ɗari zuwa 'yan kilomita, suna da hannu sosai a yadda abu ke bazuwa a saman teku. Wani lokacin ma ba bazuwa suke sawa ba. An ga na'urorin da aka watsa a fili mai faɗin kilomitoci sun tattaru cikin kwanaki a wuri ɗan ƙarami, a kan layin da ruwan kogi ya haɗu da na teku. Manhajar da gidan ragarta ya kai kilomita 10 ba ta san da wannan ba, ɗan kaucewar ba-zata da ake ƙara wa kowane ɗigo kuma watsa su kawai yake yi, ba ya tara su.

A 2020 kuma wani bincike daga Jami'ar Miami, wanda Igal Berenshtein ya jagoranta tare da Claire Paris, ya haɗa samfuran ruwan da aka ɗiba a 2010 da sabon kwaikwayo, ya ce man da ya narke ya yi siriri har tauraron ɗan'adam ba ya ganinsa ya wuce iyakar da aka zana a lokacin, ya kai ruwan Teksas da yammacin Fulorida da tsibiran Keys, har wani kaɗan ya bi magudanar zuwa gabashin Fulorida. Ashe hanyar da rinin NCAR ya nuna ba ta rufe ruf ba. Abin da ya bi ta dai bai kai ya ɓata yashin bakin teku ba, kuma sai da aka shekara goma kafin a iya nuna shi.

Ranger ba ta kai wannan lokaci a Austin ba. An kashe ta a 2013 aka maye gurbinta da sabuwa mai suna Stampede. Maimakon a sayar da ita a matsayin tarkacen ƙarfe, sai aka rarraba akwatunanta, aka loda wasu a jirgin ruwa zuwa Afirka ta Kudu da Tanzaniya da Botswana, inda ɗalibai suka ci gaba da koyon raba lissafi a kansu.